Baba da Waƙoƙin Mai Laima a London

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da mahaifina, gari bai gama wayewa ba. Direba ya loda akwatunanmu biyu a but, ya miƙo hannu zai karɓi jaka ta uku, Baba ya rungume ta ya ce wannan a cinyarsa za ta yi tafiyar. Tsohuwar jakar fata ce da zif ɗinta ya daɗe da lalacewa, a ciki akwai littattafan rubutu guda tara irin na 'yan makaranta. Saboda su muka yi wannan tafiya, don haka bari in fara da su kafin mu hau titi.

Baba malamin adabin Turanci ne, ya yi ritaya tun ina jami'a, ni kuma na gaje shi a sana'ar. Ya koyar a makarantun sakandare a Zariya da Kafanchan da Pankshin da Katsina, duk inda aka tura shi. A cikin marubutan da ya koyar akwai wani Bature na ƙarni na sha tara, mai dogayen ƙagaggun labarai da waƙoƙi, wanda ya shiga ransa fiye da kowa. A bayan bugun da ake raba wa ɗalibai a lokacin akwai hoton Baturen yana riƙe da laima, sai yara suka sa masa Mai Laima. Sunan ya bi Baba daga makaranta zuwa makaranta har ya shigo gidanmu. Da shi zan kira shi a nan, don ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, da shi ta san shi.

Tun yana sabon malami Baba ya lura yara suna haddace waƙoƙin don jarrabawa, amma ba su san me suke faɗa ba. Sai ya fara mayar da su Hausa baiti-baiti, yana rubutawa a allo, yana sa aji su rera. Ba ya cikin manhaja, ba kuma wanda ya sa shi. Haka ya yi ta yi har littattafai tara suka cika. Bara na zauna na buga su a kwamfuta, na tura wa ƙanena da ke aikin jarida a London. Shi ya nuna wa wata malamar jami'a, ita kuma ta kai maganar ga wata ƙungiyar masu nazarin Mai Laima da ke taro duk shekara. Sai ga takardar gayyata, an ba Baba minti ashirin ya karanta fassararsa. Shekarunsa saba'in da takwas, kuma in ban da aikin Hajji bai taɓa fita Najeriya ba.

Hanyar Kaduna zuwa Abuja kun san ta, ba sai na ɓata muku rai ba. Inda aka gyara mota ta yi gudu, inda ba a gyara ba mu koma hannu ɗaya da tireloli muna bin juna a hankali. A Tafa muka tsaya cin doya da ƙwai. Mai doyar ta faɗi kuɗi, Baba ya ce ta maimaita. Da ta maimaita sai ya ce shi faranti biyu ya tambaya, ba buhu ba. Ta yi dariya ta ƙara masa yanka biyu. Mun kwana a Abuja gidan ƙanwar mahaifiyarmu, washegari da safe muka hau jirgi.

A cikin jirgi na ga wasu abubuwa da ban ba su muhimmanci ba a lokacin. An miƙo takardar abinci, Baba ya juya ta ya ce in zaɓar masa. Ma'aikaciyar jirgin ta miƙa masa shayi, hannunsa ya wuce gefen kofin sai da ta sa masa a tafi. Na ce gajiya ce da rashin sabo.

Mun sauka da la'asar. Jami'in shige da fice ya tambayi Baba abin da ya kawo shi. Baba ya gyara tsayuwa ya ba shi amsa da Turancin littafi, jimla ɗaya mai tsawo da ba ta karye ko'ina ba. Jami'in ya ajiye hatiminsa ya saurara har ƙarshe, ya ce rabonsa da jin irin wannan Turancin tun kakansa yana da rai. Ya buga mana, ya yi wa Baba fatan alheri. Ni dai ina gefe kaina ya fara girma tun ba a je ko'ina ba.

Ƙanena yana jiranmu a waje. Ya durƙusa ya gai da Baba a tsakiyar jama'a, sannan ya juyo ya ce mini, "Yaya, na yi booking ɗin mota amma an yi cancel, sai dai mu bi tube." Tube shi ne jirgin ƙasansu da ke bi ta ƙarƙashin gari. Daga filin jirgi zuwa Barking, inda yake zaune, ƙarshen gari ne zuwa ƙarshen gari, mun fi awa ɗaya da rabi har da canjin jirgi. Mutane a zaune gwiwa da gwiwa, ba mai kallon wani, ba mai cewa sannu. Baba kaɗai ne ke magana. Duk tashar da muryar jirgin ta kira, sai ya ce, "Af, nan ne wance ta sauka da ta zo neman aiki daga ƙauye," ko "A nan aka yaudari wane." Mutanen cikin littattafan Mai Laima yake nufi, amma yadda yake faɗa sai ka ɗauka 'yan unguwarmu ne. Wata tsohuwa da ke gefensa ba ta jin Hausa, amma ta yi ta murmushi har ta sauka.

Gidajen Barking a manne suke da juna, jan bulo, ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, in ba ka riƙe lamba ba sai ka buga gidan maƙwabci. Matattakalar gidan ƙanena siririya ce, akwati ma sai an karkata shi. Matarsa ta tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar ma daga Kano wani ya taho mata da ita. 'Ya'yansu biyu suna jin duk abin da Baba ya faɗa da Hausa, amsa kuwa sai da Turanci. Bai yi faɗa ba. Ya ce musu shi ma aikinsa ke nan shekara da shekaru, ana ba shi da wani harshe yana mayarwa da wani.

Kwana biyun farko mun yi su ne a yawo. Sanyi ya fara shigowa, yayyafi ba ya ɗaukewa, ba kuma ya zuba sosai, yana nan dai kamar mai jiran wani abu. Baba ya ce yanzu ya gane dalilin laimar. London ɗin da ke kansa ta keken doki ce da hayaƙin gawayi da fitilun titi na gas. Ya san ba zai same ta ba, amma duk da haka ya yi ta ba ƙanena kwatance, wai in aka bi ta bayan cocin nan za a ɓulla kasuwar nama. Ƙanena ya duba waya ya ce, "Baba, kasuwar nan flats ce yanzu." Sau ɗaya kwatancen Baba ya yi daidai, wani siririn lungu da ya fitar da mu bakin kogi, kuma har muka dawo gida bai bar ƙanena ya manta ba. Mun shiga wani shago shan shayi, kofi ɗaya fam uku da ɗoriya. Baba ya fara juya kuɗin zuwa naira a ransa, na ga leɓensa yana motsi, na roƙe shi ya bari ya sha tukuna. Ya shanye har ɗigon ƙarshe, ya ce irin wannan ba a barin saura.

Rana ta uku malamar jami'ar ta shirya mana zuwa wani babban laburare inda ake ajiye rubutun hannun Mai Laima. Mai gadin ƙofa ya ji muna Hausa sai ya washe baki. Ɗan zangon Kumasi ne. Ya gai da Baba da girmamawa, ya juyo ya ce mini, "Hajiya, kai ajiye jaka a nan." Na ajiye ina dariya, don tunda nake ba a taɓa ce mini kai ba. Aka shigar da mu wani ɗaki mai shiru, aka ce mu wanke hannu, ba a shiga da biro sai fensir. Wata ma'aikaciya ta turo ƙaramin keke, ta ɗauko littafi mai bangon fata, ta kwantar da shi a kan matashin soso kamar jariri, ta buɗe.

Baba ya sunkuya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ma'aikaciyar ta miƙo masa gilashin ƙara girman rubutu, ya karɓa, ya riƙe shi a inda babu rubutu. A nan na gane. Shayin cikin jirgi ya dawo mini, da takardar abincin, da yadda a gida ya daina karanta jarida ya ce ƙarya ta yi yawa a cikinta.

Ya ɗago a hankali ya ce, "Uwata, faɗa mini abin da kike gani." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na matso na fara faɗa masa. Na ce tawadar ta koma ruwan ƙasa. Rubutun ƙanana ne, a kwance, kamar na mai sauri. Na ce a ɗango na uku Mai Laima ya rubuta kalma ya soke, ya rubuta wata a sama ya soke, ya sake wata a gefe ya soke, sai ta huɗu ya bari.

"Sau uku ya soke?"

"Sau uku, Baba."

Ya yi dariya mara sauti har kafaɗunsa suna rawa. "Ashe shi ma yana sokewa. Ni ina can ina jin kunyar littattafaina." Ya sa na karanta masa kalmomin da aka soke ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, ya ce ta huɗun ta fi, mutumin ya san aikinsa. Ya nemi izini ya ɗora yatsa ɗaya a gefen takardar, inda ba tawada. Ma'aikaciyar ta dube shi, ta dube ni, ta ce ya ɗora.

Da muka fito na zaunar da shi a wani benci a ƙarƙashin rumfa na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ya fi shekara. Da farko kamar hayaƙi, yanzu fuskar mutum ma sai an matso. Hanya yana gani, mota yana gani, rubutu ne ya tafi. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce da ya faɗa da mun ce tafiyar ba ta yiwuwa, mu kai shi asibiti, su kuma Turawan su ba wani minti ashirin ɗin. Gaskiya ya faɗa, haka za mu yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gida ɗaya muke kwana. Ni ce na buga littattafansa, duk inda na kasa gane rubutun na kai masa sai ya ce in karanto farkon ɗangon, shi ya ƙarasa. Na ɗauka gwaninta yake nuna mini.

Bayan magariba muka zauna da ƙanena, na gaya masa halin idon Baba. Hankalinsa ya tashi, ya ce zai yi wa masu taron email a canza tsari, Yaya ta karanta, Baba ya zauna a gefe. Ni ma na goyi bayansa. Baba ya bar mu muka gama, sannan ya ce, "Takardar gayyatar sunan wa ke jiki?" Ya ce waƙa uku ya zaɓa, duk ya koyar da su sau ɗari, zai faɗe su da ka, Turanci da Hausa. Na ce akwai bambanci tsakanin aji da zauren da ke cike da farfesoshi. Ya ce ya sani, farfesoshi ba sa jifa da takarda.

Kwana biyun da suka rage bai fita ba. Daga an yi asuba sai ya fara kai da komo a ɗan falon nan, taku huɗu ya juyo, yana faɗa ina bi da littafi. Biyun farko suna fita sumul. Ta ukun ce mai tsawo, waƙar wani tsohon manomi da ya sayar da gonarsa ya zo yi mata kallon ƙarshe. A baiti na biyar yakan tsaya. Wani lokaci ya wuce, wani lokaci sai na ɗora shi. Na ce ya bar ta ya tsaya a kan biyu. Ya ce ita ce ma dalilin zuwansa.

Ranar taron Asabar ce. Baba ya sa farar babbar riga da hular zanna, ƙanena ya ɗora masa kwat a kai saboda sanyi, ya cire tun a bakin ƙofar zauren. Wurin a Aldwych yake, tsakiyar gari, inda jajayen bas masu bene ke bin juna ba hutu, ga gidajen wasan kwaikwayo, ga ɗalibai ko'ina da jakunkuna a baya. Zauren ba wani babba ba ne, amma ya cika. Galibi Turawa ne masu furfura, kowa da littafi a cinya. A layukan baya na hango baƙaƙen fuskoki da ɗankwalaye da huluna, don ƙanena ya sanar a shafinsa na intanet, mutanenmu kuma suka zo. Uku suka yi magana kafin Baba, kowa da takardu da hotuna a bango. Ni ban ji ko ɗaya ba, hankalina yana kan Baba.

Na riƙe shi muka hau matattakala uku, na tsayar da shi gaban makirfo, na koma kujerar gaba da littafin a buɗe. Ya yi sallama, aka amsa daga baya. Ya gaya musu da Turanci cewa idonsa ya daina karatu, don haka in ya yi kuskure su yi masa uzurin da suke yi wa tsofaffi, kada su yi masa na baƙi. Aka yi dariya. Sannan ya fara.

Jama'a, na sha jin Baba yana karanta waƙoƙin nan tun ina yarinya, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba. Ya faɗi baiti da Turanci, Turawan suna bi da leɓe. Ya juyo shi Hausa da ɗan kari irin wanda yake sa yara su rera, sai zauren ya yi tsit. Ba sa jin kalma ɗaya, amma suna jin amon yana faɗuwa inda ya kamata ya faɗi. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ya shiga ta uku, baiti ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar ya faɗi Turancin daidai, ya buɗe baki zai faɗi Hausar, ta ƙi zuwa.

Ya maimaita ƙarshen baitin baya. Shiru. Hannunsa ya kama gefen teburin. Ni da ke riƙe da littafin, wallahi idona ya cika da ruwa har na kasa ganin layin, ina ta laluben shafi. Ban san ko daƙiƙa nawa aka yi ba.

Sai wata murya ta mace daga can baya, a sarari, da karin da Baba yake yi: "Na ja ƙyauren darni, ban waiwaya ba."

Kowa ya juya. Wata mata ce mai kamar shekara hamsin da wani abu, da rigar sanyi a kan atamfa, ta miƙe tsaye. Baba ya ɗaga kai wajen da muryar ta fito. Ya karɓi ɗangon ya ɗora na gaba, ita ma ta bi shi, sai ga wata muryar namiji daga ɗaya gefen ta shigo. Su uku suka kai baitin ƙarshe tare. Da suka dire zauren ya tashi tsaye. Na ga wani tsohon Bature yana share ido da bayan hannu, littafinsa ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

Baba ya jira tafin ya lafa, ya ce da Hausa, "Wace ce?" Ta ce, "Malam, ɗalibarka ce, Pankshin, aji huɗu. Ni ce ka kora waje don na ci gyaɗa a aji." Ya ce, "To, ashe kina ji ta taga." Mutanenmu suka fashe da dariya, ƙanena ya fassara wa Turawa, su ma suka yi tasu daga baya. Namijin kuma a Kafanchan Baba ya koyar da shi, yanzu direban bas ne a garin.

Lokacin tambayoyi wani farfesa ya miƙe, yana riƙe da fassarar da aka mayar musu Turanci kalma da kalma. Ya ce cikin ladabi ya ga duk inda mawaƙin ya ambaci lokacin sanyi da ƙanƙara, Baba ya sa lokacin zafi. Wannan ba canza waƙar ba ne? Baba ya ce ya gode da tambayar, shekara arba'in yana jiran wanda zai yi masa ita. Ya ce a ƙasar Mai Laima sanyi ne ke kashe ƙasa, itatuwa su tsaya tsirara, tsofaffi su yi ta mutuwa, kowa ya zauna jiran sauƙi. A wurinmu bazara ce ke yin wannan aikin, rijiya ta ƙafe, rumbu ya yi ƙasa, ido ya koma sama. Ya ce, "In na ce wa yarinyar Pankshin ƙanƙara, za ta ga abin sha'awa. In na ce mata bazara, za ta ji abin da ya ji. Ni abin da ya ji nake fassarawa." Farfesan ya ce bai gama yarda ba, amma zai so su zauna. Sun zauna kuwa, kusan awa guda a gefen teburin shayi, kuma ban ga alamar ɗaya ya ja da baya ba.

Ɗalibar nan ta Pankshin nas ce, ta fi shekara ashirin a London. Ta rantse ba za mu bar garin ba sai mun ci abincinta. Ranar Lahadi bayan ta taso daga coci muka je Peckham, unguwar da take zaune. In aka rufe maka ido aka sauke ka a titin Rye Lane za ka ce wata kasuwa ce a gida: doya a jere, manja, busasshen kifi, attaruhu, shagunan kitso a cike, kiɗan coci yana fitowa daga saman bene. Sai ka tambayi kuɗin doya ɗaya sannan ka tuna inda kake. Ta yi mana gwate da tuwon acha, ta tara tsofaffin 'yan makarantarsu huɗu, Kirista da Musulmi, duk da furfura, suna ta "Malam ka tuna" suna rera abin da ya rage musu a ka. Ita ce kuma ta kama hannun Baba washegari ta kai shi wajen masu gwada ido. Suka ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma irin wadda ake cirewa ce, ko a Kano ko a Kaduna za a yi masa. Baba ya ce to a bari sai ya koma gida, ya ga kuɗin shayinsu, ba ya son jin na aikin ido.

Mun taso da safe, muka sauka Abuja da yamma, washegari muka kamo hanya. Zariya ta tarbe mu da rana mai daɗi, na cire rigar sanyi tun a Kaduna. Kafin la'asar zauren gidanmu ya cika da abokan Baba na masallaci, don hoton bidiyon taron ya riga mu isowa. An sa masa ranar aikin ido a wata mai kamawa, muna roƙon addu'arku.

Tafiyar ta koya mini cewa ana iya kwana gida ɗaya da mutum ba a dube shi ba, ina roƙon duk mai tsoho a gida ya duba nasa da kyau. Ta kuma koya mini cewa aikin malami ba ya nuna kansa a lokacin da ake yin sa. Sai an shekara talatin da ɗoriya, a wata ƙasa, wata ta miƙe daga layin baya. Akwai kuma abin da zan faɗa a kan kaina ko da da kunya. Shekara goma sha huɗu ina koyar da adabin Turanci, ban taɓa shiga aji da fassarar Baba ba. A raina ina ganin abin tsofaffi ne, kuma Hausa a darasin Turanci koma baya ne.

Ranar Litinin da na koma makaranta na raba allo biyu, na rubuta Turanci a hagu, Hausa a dama, na ce su rera. Da farko suna ta kallon juna suna ƙunshe dariya. A zagaye na uku ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta taga. Da aka kaɗa ƙararrawa ba wadda ta tashi, suna kwafa. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon zango ta ce, "Malama, wa ya rubuta ta Hausar?"

Na ajiye alli, na kaɗe hannuna, na ce, "Babana ne."